Yadda Ake Gano Inda Allon Tuƙin Jirgin Ruwa Ke Girgiɗi da Yadda Ake Gyara Shi

Cikin hunturun bara wani yaro ya same ni da sassafe a bakin ruwan Tiga, sifana mai lamba 17 a hannunsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, ara mini doguwar sifanarka, wannan ba ta da ƙarfi. Sau uku ke nan ina ɗaure notin wutsiyar jirgina cikin mako guda, kullum sai ya kwance." Na ce mu je in gani. Da na duba, notin yana nan daram inda ya bar shi, ko zare ɗaya bai koma baya ba. Katakon da ke ƙarƙashinsa ne ya ruɓe. Duk ɗaurin da yaron ya yi, washa ce ke ƙara nutsewa cikin itacen kamar an danna yatsa a tuwo. Da na ba shi doguwar sifanar nan, da a ranar zai ɓullo da notin ta ɗaya gefen.

Shi ya sa duk wanda ya ce mini allon tuƙinsa na girgiɗi, ba na barinsa ya taɓa sifana sai mun gano daga ina girgiɗin yake fitowa. Wurare biyar ne ke iya kawo shi, kuma a hannun mai tuƙi dukkansu iri ɗaya ake jin su. Ɗaure noti ba ya warkar da ko rabinsu, a wasu ma gyaran gangar auzinawa ne.

Na san mafi yawan kwale-kwalenmu, daga Tiga da Challawa da Watari har kogin Haɗejiya, ba su da allon tuƙi. Filafili ne da gora, ko kuma injin Yamaha wanda ƙafarsa ita ce ke juya jirgi. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga masu manyan jiragen katako da dama a wajenmu sun fara kafa sanda suna ɗaura tampol ko ɗinkakkun buhuna, iska ta tura su. Jirgin da iska ke turawa kuwa yana buƙatar allo a gindinsa. Ni allon tuƙi nake ce masa, wasu su ce wutsiya, yara kuwa sitiyari suke cewa.

Sassan da za mu yi magana a kansu

Ka ɗauke shi kamar ƙyauren ɗaki. Akwai allon da ke cikin ruwa. Akwai sandar da kake riƙewa, wadda ke shiga kan allon. Akwai bangon baya na jirgi, wato katakon gindi, wanda shi ne madogarar ƙofar. Sai hinji guda biyu, na sama da na ƙasa, kowanne namiji da mace: namiji shi ne ɗan rodin da ke jikin allo yana kallon ƙasa, mace ita ce zoben da ke jikin bango wanda namijin ke zama a ciki. Dabarar tsohuwa ce, tun ƙarni na 12 jiragen Turai ke amfani da ita, kuma har yau ƙananan jiragen tsere na Legas da Ingila a kanta suke.

Abin da ya bambanta shi da ƙyaure shi ne ba ya hutawa. Muddin iska na cikin tampol, jirgi yana ƙoƙarin juya goshinsa ya fuskanci iskar, allon ne ke hana shi. Kowace igiyar ruwa kuma sai ta buge shi ta gefe. Idan akwai ɗan fili tsakanin namiji da mace, kowane bugu guduma ce, filin kuma ƙaruwa yake yi. Ranar da abin ya tsinke, jirgi zai ba iska gefensa ya karkata, kuma ba ya zaɓar ranar da ruwa ke kwance.

Tun kana kan ruwa abin yakan sanar da kai. Za ka ji ƙwas-ƙwas a bayanka duk lokacin da igiyar ruwa ta wuce. Ko ka motsa sanda kamar faɗin yatsu uku kafin jirgi ya amsa. Ko sandar ta riƙa kaɗawa a tafin hannunka idan gudu ya ƙaru. Ka riƙe wanda ka ji a ranka, zai yi maka amfani a tudu.

Mataki na farko: fito da jirgi, kuma ka duba a ranar

A jawo jirgi tudu, a ɗaga gindinsa a kan tsofaffin tayoyi ko gungume har allon ya rataya bai taɓa ƙasa ba, a sa waigi ta kowane gefe don kada ya mirgino kan wanda ke tsugune. A wanke laka da gansakuka da buroshi. Mutanen Haɗejiya da Guri da Kirikasamma su duba saiwar kacala da zaren koma da ke naɗewa a hinjin ƙasa, domin sukan cike filin su ɓoye girgiɗi.

Ga abin da mutane ke mantawa: itace yana kumbura a ruwa, yana motsewa a iska. Jirgin da ya yi sati biyu a tudu cikin hunturu, kowane noti na jikinsa zai yi sako-sako ko da lafiyarsa ƙalau. Don haka bincike a ranar da aka fito da jirgi ake yinsa, tun itacen na jiƙe. Gyara kuwa sai ya bushe. Wanda ya juya wannan tsari zai ga ciwon da babu shi, ya ɗaure busasshen katako tamau, ya mayar da shi ruwa, katakon ya kumbura ƙarƙashin washa ya murƙushe kansa.

Mataki na biyu: mutum biyu da alli

Kai kaɗai ba za ka iya ba. Ɗaya ya riƙa motsawa, ɗaya ya sa ido da yatsa. Yatsa ya fi ido gani a wannan aiki: ka ɗora ɗan yatsanka a daidai inda abu biyu suka haɗu, rabi a wannan rabi a wancan, motsin da bai kai kaurin takarda ba ma za ka ji shi. A saman mahaɗa za ka ɗora, kada ka cusa a tsakani, don ƙarfe ba ya tausayin farce. Duk inda ka ji motsi ka zaga shi da alli ka ci gaba, kada ka tsaya a na farko. Sau da yawa wuri biyu ko uku ne, ɗaya ya haifi ɗan'uwansa.

Ku fara daga hannu. Abokin aikinka ya rungume allon da gwiwoyinsa ya hana shi motsi, kai kuma ka kaɗa sanda hagu da dama a hankali. Idan sanda ta motsa allo bai motsa ba, ciwon na kan allo, inda sanda ke shiga. Kada girman motsin ya firgita ka. Idan tsawon sandar mita ɗaya ne, abin da ya shiga cikin kan allo kuma santimita 10, filin milimita 2 kacal zai zama santimita 2 a hannunka.

Sai ka ɗaure sandar a tsakiya da igiya biyu, ɗaya zuwa kowane gefen jirgi. Abokin aikinka ya tsuguna ya kama ƙasan allon da hannu biyu, ya tura gefe da gefe, sannan gaba da baya, sannan ya ɗaga sama ya saki. Kai kana kan hinji. A kowane hinji abu uku za ka taɓa bi da bi: namiji a cikin mace, ƙarfen mace a jikin bango, ƙarfen namiji a jikin allo. A nan ma nisa na ƙara wa abu girma. Idan tsakanin hinjin biyu santimita 40 ne, allon kuma ya zarce hinjin ƙasa da santimita 80, filin milimita 1 a hinjin ƙasa zai nuna milimita 3 a bakin allo. Hinjin ƙasa shi ya fi shan wahala, shi ya fi kusa da inda ruwa ke turawa, kuma shi ke cin karo. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, akwai duwatsu da kututture a ƙarƙashin ruwan nan, kuma idan rani ya yi nisa aka saki ruwa don noman Kadawa da Kura, sai su matso kusa da sama. Allo ɗaya ya daki dutse sau ɗaya, namijin ƙasa ya lanƙwashe, daga nan cin ƙarfe ya fara.

Ka leƙa cikin jirgi ma yayin da ake girgizawa. Idan ka ga kan noti yana numfashi, ko ruwa mai launin tsatsa na tsattsafowa a gefen washa, ko bangon kansa yana lotsawa, ka zaga da alli sau biyu.

Na ƙarshe, sanda na ɗaure, ya kama bakin allon na baya ya murɗa kamar mai matse wanki. Lafiyayyen allo ba ya murɗuwa. Idan ya bi hannu, ko ka ga tsaga tana buɗewa tana rufewa, allon kansa ne.

Ɗan motsin sama da ƙasa ba laifi ba ne, ana ma son kaɗan. Na gefe da gefe mai ƙara shi ne abin gudu.

Mataki na uku: sauke allo ka bincika abin da alli ya nuna

Zare sanda, cire makulli idan akwai, a ɗaga allo sama ya fita. Ka kwance ƙarafan duka, ka yi wa kowanne alama don kada na sama ya koma ƙasa. Notin da tsatsa ta kama a jiƙa shi da kananzir ya kwana. In ya ƙi, a yanke shi da zarto, kada a yi ta dukansa ana farfasa katako.

Namiji ka kalle shi ta gefe. Wanda ya cinye yakan yi ƙugu a tsakiya kamar kalangu. Ka kara shi da bakin ruler ta ƙarfe ka ga ko ya lanƙwashe. Mace kuma ka ɗaga ta sama ka leƙa ramin: zagayayye ne ko ya koma kamar ƙwai? Idan ba ka da abin awo, gindin bakin dirila ya isa, tunda kowanne da lambarsa a jiki. Ka gwada ta tsaye ka gwada ta kwance. Ka kankare fenti a wurin walda ka nemi tsaga mai kamar gashi.

Katako kuwa da basilla ko siririyar sukudireba ake tambayarsa. Ka soka a bakin kowane ramin noti, ciki da waje. Lafiyayyen maɗaci zai ƙi, da kyar za ka bar masa tabo. Ruɓaɓɓe zai karɓa kamar rogo dafaffe, yakan yi baƙi, yana warin rima. Ka ci gaba da sokawa kana nisantar ramin har ka iske inda ya ƙi, ka zana iyakar da alli. Wannan zanen shi zai gaya maka nawa za ka kashe.

Mataki na huɗu: gyara, kowane ciwo da maganinsa

In fara da bango, don shi ne mai kisa. Idan ruɓar ba ta wuce faɗin yatsa biyu daga ramin ba, ana ceto shi. Ka bar katakon ya bushe a inuwa, kwana huɗu ko biyar cikin hunturu, fiye da haka da damina. Ka faɗaɗa ramin da babban bakin dirila har garin da ke fitowa ya zama mai tsabta mai launin itace. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka feƙe turken ƙirya ko maɗaci busasshe daidai ramin, ka shafe shi da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, ka buga shi ciki. Ko ka kwaɓa gam ɗin da garin katako ya yi kauri kamar kunun kanwa mai sanyi, ka toshe ƙasan ramin da salatif ka cika. Ka sayi mai jinkirin kamawa, wanda ke kwana kafin ya yi ƙarfi; mai kamawa cikin minti biyar na gyaran kofin shayi ne. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, zafin rana na sa shi daskarewa tun yana cikin gwangwani. Washegari ka goge ka huda sabon rami daidai kaurin noti a tsakiyar cikon, ta yadda ko ruwa ya bi noti ba zai iske ɗanyen itace ba.

Idan zanen allinka ya kai faɗin tafin hannu, ko ya haɗe ramuka biyu, ka daina lissafin ciko. A cire katakon a sa sabo. Na san zafin kuɗin maɗaci a 'Yan Katako ta Na'ibawa, na kuma san kafinta zai ce maka farin katako ma ya yi. Bai yi ba. Farin katako mai taushi na silin ne da benci, washa za ta nutse a cikinsa kafin damina ta fita.

Ko ciko ka yi ko sabo ka sa, kada ka mayar da mace ba tare da majingini a ciki ba. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, ko guntun katako mai tauri mai kaurin inci ɗaya, wanda ya fi tafin hannu faɗi, notin ya ratsa bango ya ratsa shi. Shi ke raba nauyin. Ƙusa da sukuru ba su da gurbi a nan, noti mai ratsawa kawai, mai kaurin milimita 10 ga matsakaicin jirgi, wato wanda sifana 17 ke kamawa, ko mai 12 na sifana 19 ga babba.

A Ƙofar Ruwa za a nuna maka iri uku. Baƙin noti shi ya fi araha, shi kuma ya fi saurin tsatsa, tsatsar kuma tana cin itacen da ke kewaye da shi. Mai shafen tutiya, wanda ake kira galbanaiz, ya wadatar a ruwanmu tunda ba na gishiri ba ne. Sitenles ya fi su duka. Ka duba kansa za ka ga A2 ko A4, ka kuma tafi da mayen ƙarfe a aljihu, don na gaske da kyar yake kama shi. Abin da za ka kiyaye shi ne gauraya: ƙarfe iri biyu da suka haɗu a jiƙe, ɗaya yakan ci ɗaya, alminiyam da tagulla su suka fi rashin jituwa. Noti da washa da uwar noti su zama dangi ɗaya.

Sai namiji da mace. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa namiji mai kauri a ramin da ya riga ya zama ƙwai. Zai matse ta gefe biyu, ya bar fili ta gefe biyu, sati uku ƙarar ta dawo. Dole ramin ya koma zagayayye tukuna. Idan zoben na da nama, a huda shi zuwa lamba ta gaba, sannan ko a yi sabon namiji daidai shi, ko a sa bushin a ciki, wato ɗan gajeren bututu da namiji zai riƙa juyawa a cikinsa. Ni bushin na fi so, don shi zai riƙa cinyewa a madadin ƙarfen, kuma canza shi aikin minti goma ne. Mai injin feƙe ƙarfe zai yi maka na tagulla ko na roba mai tauri. In roba ce, ka tambayi irinta. Nailan yana shan ruwa ya kumbura, bushin da ya shiga lafiya a shago sai ya shaƙe namiji bayan kwanaki a ruwa. Wadda ake sayarwa da sunan Delrin ba ta wannan hali sosai. Kowacce ka samu, a bar fili kamar rabin milimita, yadda namiji zai juya da yatsa biyu ba tare da ya yi ƙara ba.

Idan zoben ya sirance, mai walda ya cike shi a sake hudawa, ko maƙeri ya ƙera sabo. A cire ƙarfen daga jikin katako kafin a kai masa wuta, kuma nesa da jarkar fetur. In galbanaiz ne a goge shafen wurin da za a yi waldar, a yi a fili, don farin hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi. Bayan walda a shafa jan fentin maganin tsatsa hannu biyu. Namijin da ya lanƙwashe kuwa ni ba na miƙe shi, sabo nake yi. Rodin da ya tanƙwaru aka tanƙwaro shi ya riga ya gaji. Ka ce wa maƙerin ya sa na ƙasa ya fi na sama tsawo da kamar santimita 2. Ranar da kake ƙoƙarin rataya allo jirgi na rawa a kan ruwa za ka gode mini, don ɗaya za ka fara saitawa, sannan ɗaya.

Akwai dabarar fita kunya idan kana nesa da gari, ka ce a ƙauyukan Auyo ko Ringim lokacin ambaliya, jirgi kuma ba ya samun hutu. Ka yanko ɗan falle daga jikin tsohuwar jarka, ka naɗa shi a ramin mace, ka bar leɓe a sama don kada ya zurma. Robar jarka tana da santsi, ba ta shan ruwa, takan kai makonni. Daga ita kuma ake yanka washa a sa ƙarƙashin kafaɗar namiji don rage motsin sama da ƙasa. Amma ciko ne na wucin gadi, ba ya gyara zoben da ya kusa tsinkewa.

Ƙarfen namiji da ke motsi a jikin allo, maganinsa ɗaya da na bango: soka, faɗaɗa, cika, sake hudawa, noti mai ratsawa. Allon da ya tsage bin tsawonsa ana iya buɗe tsagar a zuba gam a matse, a ƙara masa ɗamarar ƙarfe. Wanda ya tsage a gicciye kusa da hinjin ƙasa, ko wanda aka yi da filawud na kabad ya fara ɓarewa falle-falle, na murhu ne.

Kan sanda shi ya fi sauƙi. Idan noti ne ya ratsa ta ramin ya yi kwararo, a faɗaɗa a saka guntun bututun ƙarfe, notin ya bi ta cikinsa, a sa washar jarka hagu da dama. Idan rami aka sassaƙa sanda ke shiga, waigin ƙirya siriri ya isa, a huda shi a ɗaura masa zare don kada ya faɗa ruwa. Ka duba sandar a daidai ramin noti, a nan take karyewa. In ka ga tsaga ka canza ta da itace mai miƙaƙƙen gashi marar gaɓa.

Mataki na biyar: saiti da ɗauri

Duk wahalar da ka sha a baya za ta tafi a banza idan macen sama da ta ƙasa ba sa kallon juna. Ka daidaita jirgi kada ya karkata, ka saki igiya mai dutse daga tsakiyar bango ka ja layi. Ka kafa ta sama da noti ɗaya sako-sako. Ka zura miƙaƙƙen rodi mai kaurin namiji ta cikinta har ya ratsa ta ƙasa, ka matsa ta ƙasan har rodin ya riƙa juyawa da yatsa. A nan za ka yi alamar ramuka, rodin na ciki. Idan bangon ya sa ɗaya ta fi ɗaya fitowa, a yi wa ta bayan matashi da katako mai tauri. Haka za a saita mazan biyu a jikin allo.

Ka shafa kwalta a ramin da jikin noti da bayan ƙarfen kafin ka zura. Ka ɗaure har washa ta zauna ta fara cizon itace, kwalta ta ɓullo ta gefe, sai ka tsaya. Ka tuna busasshe ne, zai kumbura ya ƙarasa maka ɗaurin. Abin da ke hana noti kwancewa shi ne uwa ta biyu: ka riƙe ta ƙasa da sifana ɗaya, ka matse ta sama a kanta da wata.

Rataya allo ka kaɗa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul. In ya yi tauri a wani wuri, saiti bai yi ba, ka sassauta ka sake. Kada ka ce zai saba, ramin zai ci kafin ya saba. Bushin roba ba ya son giris, ruwa ya ishe shi, giris ma yashi yake tarawa ya zama abin wasa wuƙa. Ƙarfe da ƙarfe a ɗan shafa kaɗan. Baƙin mai kuwa a'a, wannan ruwan shi muke sha, shi kifi ke ciki.

Kada ka manta makulli. Allon katako yana son tasowa, igiyar ruwa ɗaya daga baya ta isa ta zare shi. A huda ƙarshen namijin sama a sa ɗan fil mai ƙafa biyu irin na notin tayar babur, a kuma ɗaure kan allo da igiya zuwa jikin jirgi.

In jirginka ba irin wannan ba ne

Jiragen faiba da ake shigowa da su galibi rodin allonsu ta cikin bututu yake ratsa gindin jirgi, da bushin a sama da ƙasa. Binciken ɗaya ne: a girgiza ƙasan allo, yatsa a bakin bututu. Bushin ake canzawa, kuma sai an haƙa rami a ƙasa kafin rodin ya samu hanyar zarewa. Abin tsoro a irinsu shi ne ka ɗaure sanda ka murɗa allo ya juya a jikin rodinsa. Wannan na nufin ƙarafan da aka yi wa walda a cikin allon sun tsinke, musamman in ruwan tsatsa na ɗigowa daga ciki. Ba a shiga ruwa da shi sai an tsaga an sake walda. Mai sitiyari da waya kuma a ɗaure wayoyin biyu daidai wa daida, su miƙe amma kada su kai tsirkiyar garaya, a bi su da tsumma a ji ko zare ya tsinke. Mai inji a baya, ya fara da maƙallan biyu da ke cije bango da katakon da ke ƙarƙashinsu, sannan notin hannun tuƙi, kafin ya zargi bushin ƙafar inji.

Mataki na ƙarshe: gwaji a ruwa

Da safe kafin iska ta tashi, ku biyu, kusa da gaɓa, da rigar ruwa a jiki da filafili a ciki. Ba fasinja, ba kaya. A fara da tuƙin hannu ana juyawa hagu da dama, sannan a buɗe rabin tampol. Ka sa tafin hannu a kan allo ka saurara. Bayan nan a ƙara nauyi da buhunan yashi a sake, domin jirgi mai lodi ya fi matsa wa allonsa nesa ba kusa ba. Mutanen Bagwai ba su manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a ruwan Watari da ɗaliban Islamiyya daga Badau, Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya yi yawa a wannan rana, kuma gyaran allo komai kyansa ba ya ƙara wa jirgi ko mutum ɗaya a kan abin da zai iya ɗauka.

Bayan mako guda a ruwa ka leƙa notin ciki. In akwai tsattsafi, kwata ɗaya na juyi ya isa. Daga nan duk lokacin da aka fito da jirgi, da duk ranar da allo ya daki wani abu, a kama ƙasansa a girgiza.

Shi yaron nan, zanen allinsa ya haɗe ramuka uku, sai da muka sa sabon katako da farantin ƙarfe a ciki, macen ƙasa kuma ta samu bushin tagulla. Kwana tara jirgin ya yi a tudu, yana ta ƙorafin kasuwar kifi na wuce shi. Doguwar sifanar dai daga baya na ara masa don riƙe uwar noti ta biyu, kuma har yau tana wurinsa.